Canjin inji a ƙaramar mota: abin da matasan Birnin Kebbi da Argungu ya kamata su auna kafin su biya kuɗi

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kusan kilomita 50 ce, kuma da dama daga cikin ƙananan motocin da ke bin wannan hanya sun girmi direbobinsu. An daina ƙera Golf 2 a 1992, ita kuma Golf 3 ta bar masana'antar Jamus a ƙarshen shekarun 1990, tsohuwar Toyota Starlet ma an daina ƙera ta a 1999. Motar da ta kai waɗannan shekaru ba safai ake samun ta da injin da aka haife ta da shi ba. Saboda haka canjin inji ba baƙon abu ba ne a garejojin kwarin Rima.

Mutum biyu ne ke zuwa wurin mai sayar da inji. Na farko direban haya ne wanda injinsa ya buga, yana neman madadin da zai mayar da shi tasha kafin bashi ya ci shi. Na biyu matashi ne da ya sayi tsohuwar mota da arha, yana so ya mayar da ita abin kallo: ya rage mata nauyi, ya ɗora mata injin da ya fi nata ƙarfi. Wannan bayani ya fi shafar na biyun, domin shi ne yake da zaɓi, kuma shi ne ya fi yawan yin asara.

Inda al'adar ta samo asali

Amurkawa suna kiran irin wannan mota "hot rod". Al'adar ta tashi ne a kudancin Kalifoniya a shekarun 1930, lokacin da talauci ya hana matasa sayen sabuwar mota. Sai su sayi tsohuwar Ford, su cire mata duk abin da ba dole ba, su sa mata injin Ford mai silinda takwas wanda ya fito a 1932, su tafi busassun tafkunan hamada su gwada gudu. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin a kwashe tseren daga titunan gari zuwa filin da aka keɓe. Daga 1955 kuma ƙaramin injin Chevrolet mai silinda takwas ya zama abin da kowa ke ɗorawa.

Abin lura a wannan tarihi shi ne dalilin da ya sa waɗannan injuna biyu suka yi kasuwa. Akwai waɗanda suka fi su ƙarfi a zamaninsu. Sun yi fice ne domin suna jibge a kowace bola, kayan gyaransu suna kowane shago, kuma kowane bakanike ya san cikinsu. Wannan ma'auni bai canza ba don an zo Kebbi. Tambayar da ta fi "doki nawa ne?" muhimmanci ita ce: idan ya lalace a Argungu ranar Juma'a da yamma, wa zai gyara, kuma da wane kaya?

Farashin inji a Abuja ake yanke shi

Injin da ake kira ɗan Beljiyam ba lallai daga Beljiyam ya fito ba. Sunan ya bi tashar jiragen ruwa ta Antwerp ne, wadda ta daɗe tana loda tsofaffin motoci da injunan Turai zuwa Kwatano da Legas. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Daga tashar ruwa injin yakan bi ta kasuwar Ladipo a Legas, ko Panteka a Kaduna, ko Kofar Ruwa a Kano, kafin ya iso hannun dillali a Sakkwato ko Birnin Kebbi. Kowane zango da ribarsa.

Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin gaba ɗaya, wanda ya kamata a ce ya sauƙaƙa mata. Amma manufofin gwamnati sun sha toshe wannan gajeriyar hanya. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, kuma ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka da Nijar, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris ɗin 2024.

A kan wannan ne aka ɗora abubuwa biyu na 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira, dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a 2024. Inji da kuɗin waje ake sayo shi, fetur kuma kullum ake zuba shi. Matashin da ya zaɓi babban inji a yau sau biyu zai biya: ranar saye, da kuma kowace safiya a gidan mai.

Golf: inda zaɓi ya fi yawa

Idan motar Golf ce, mafi sauƙin mataki shi ne a tsaya cikin dangi ɗaya. Injin lita 1.8 na Golf 3 yana ba da ƙarfin doki 75 ko 90, gwargwadon samfurinsa. Ɗan'uwansa mai lita 2.0 da bawul takwas, wanda aka sa wa GTI, yana ba da 115. Ginin jikinsu iri ɗaya ne, mazaunin inji ɗaya ne, kuma suna karɓar giyabos iri ɗaya, wanda ake kira 020. Ƙarin doki 25 zuwa 40 a motar da nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba abu ne da direba zai ji a ƙafarsa. Sai dai akwai tarko ɗaya da ake yawan faɗawa: injin 1.8 nozul ɗaya ne ke ba shi mai a matsin da bai wuce ba ɗaya ba sosai, shi kuwa 2.0 nozul huɗu gare shi masu buƙatar matsin kusan ba uku. Wanda ya canza inji ya bar tsohon famfon mai zai yi ta zargin injin alhali yunwa ce ke damun sa. Dole a sayo injin da wayoyinsa da burenbos ɗinsa, a kuma canza famfo.

Mai Golf 3 ta lita 1.4, da yawancin masu 1.6, lissafinsu ya fi tsada. Injunansu na wani ƙaramin dangi ne, da giyabos ɗinsu daban, don haka hawa zuwa 2.0 yana nufin sayen inji da giya da shaf a lokaci guda. A nan sau da yawa ya fi arha a sayar da motar a sayi wadda ta zo da 1.8. Golf 2 mai 1.6 ko 1.8 kuwa tana karɓar 2.0 ba tare da yanka ƙarfe ba, amma mai kafireta sai an sake mata tsarin mai daga tanki.

Daga nan sai manyan. Injin ABF mai lita 2.0 da bawul 16 yana ba da doki 150, shi kuma VR6 mai lita 2.8 da silinda shida yana ba da 174. Dukansu suna tafiya da giyabos ɗin 02A, mai kuloci na mai da waya maimakon sanda, wato sai an canza feda da mariƙin giya. VR6 yana da murya mai daɗi, ita ce ma take sayar da shi. Amma nauyinsa yana danne gaban mota, yana cika wurin da iska za ta bi, sarƙar tayimin ɗinsa tana bayan inji ta wajen giya, ta yadda gyaranta sai an sauke giyabos. A shan mai kuma ba shi da tausayi. Motar da za ta riƙa yawo a cikin Birnin Kebbi a watan Afrilu ba ta da dalilin ɗaukar wannan nauyi.

Akwai kuma 1.8T mai turbo, wanda ya zo a Golf 4 da Audi A3 da doki 150 zuwa 180. A takarda shi ne gwani: ƙarami, mai ƙarfi, ba ya shan mai kamar VR6. A ƙasa kuwa matsalolinsa uku ne. An tsara shi ne kan fetur mai lambar oktan 95, alhali ma'aunin fetur ɗin Najeriya yana ƙasa da haka, balle wanda aka saya a galan wurin 'yan bumburutu. Waɗanda suka tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022, mai yawan sinadarin metanol, sun san abin da mummunan fetur ke yi wa inji. Na biyu, turbo ba ya yafe tsohon baƙin mai. Na uku, burenbos ɗinsa a ɗaure yake da makullin motar da aka ciro shi, domin daga tsakiyar shekarun 1990 motocin Turai suna zuwa da tsarin hana sata. In ba a sayo shi da makulli da na'urar karanta makullin ba, ko ba a samu mai kwance wannan ɗauri da kwamfuta ba, injin zai tashi ya mutu bayan daƙiƙa biyu. Mutum ya tabbatar da rewayan da zai yi wannan aiki kafin ya tura kuɗi Legas.

Starlet da sauransu

Starlet ba ta kai kilo 900 ba a yawancin samfuranta, don haka ƙaramin ƙari ma yana isar ta. Tsohuwar mai injin 2E na lita 1.3 tana ba da doki 70 da ɗoriya. Injin 4E-FE mai nozul, da 5E-FE mai lita 1.5 na Tercel da Paseo, dangi ɗaya ne da shi, kuma 5E-FE yana kai doki 90 zuwa sama. Shi ne zaɓin mai hankali. Injin 4E-FTE na Starlet GT Turbo yana ba da kusan 135, amma kasuwar Japan aka yi wa shi, kayansa ba su da yawa a nan. Ɗora mata 4A-FE na Corolla abu ne mai yiwuwa, sai dai yana buƙatar walda a mazaunin inji da gyaran tsawon shaf, kuma shaf ɗin da aka yanke aka haɗa da walda ba abin dogaro ba ne a babbar hanya.

Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna daga 1975 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, ita ce ta fi kama da motocin Amurkawa a tsari: inji a tsaye daga gaba zuwa baya, ƙarfi yana tafiya ga tayoyin baya, wuri kuma a yalwace. Injinta na lita 2.0 a karkace yake kwance, kuma a salun ɗin shaf yana bi ne ta cikin bututun da ke haɗe da giya, abin da ke sa ɗora mata injin wani kamfani ya zama aikin maƙeri ƙwararre. Injin 505 ne ya fi zama mata daidai. Tsoffin makanikai na nan da suka koyi sana'a a kanta.

Dizal kuwa, kamar 1.9 TDI mai doki 90, yana ja sosai kuma yana tsimin mai, amma man dizal ya daɗe ba shi da tallafi, kuma tun 2022 farashinsa ya yi tashin da ya cinye yawancin ribar.

Batun gas

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin motoci masu amfani da iskar gas ta CNG a 2023, wasu ke ganin an sami hanyar riƙe babban inji ba tare da kuɗin fetur ya kashe mutum ba. Wannan ba canjin inji ba ne, ƙari ne a kan injin fetur, kuma ya fi dacewa da mai nozul. Tukunyar gas ɗin tana ɗaukar matsin ba 200, ta ƙarfe tana da nauyin kilo gommai, tana cinye but, injin kuma yana ɗan rasa ƙarfi. Ga wanda burinsa rage nauyi da ƙara gudu, wannan tafiya ce ta baya. Sannan bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta an tsara shi ya bi ta Abuja da Kaduna ne zuwa Kano, bai ratsa Kebbi ba, don haka gas ɗin da za a sha a kwarin Rima a mota za a kawo shi. Kafin a biya kuɗin juyawa, a fara gano inda za a riƙa cikawa. A kuma guji tukunyar da aka ƙera a gefen hanya: fashewar da aka yi a wani gidan gas a Benin ta jihar Edo a Oktoban 2024, hukumomi sun danganta ta da tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba.

Zafi ne alƙali

A Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona yana fita ne ta ruwan sanyaya shi. Idan aka ninka ƙarfin inji aka bar lagireton da aka yi wa ƙaramin inji a yanayin Jamus, sakamakon sananne ne: ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone, tof silinda na alminiyum ya lanƙwashe. Yawancin injunan da ake cewa "ɗan Beljiyam ɗin bai da kyau" a nan suke mutuwa, ba a Antwerp ba.

Maganin da aka saba a garejoji shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye. A tsohon inji mai kafireta illar ba ta fito fili sosai. A inji mai nozul kuwa burenbos yana karanta zafin ruwa. In ya ga injin bai kai zafin aikinsa ba, kamar da asubahin hunturu, sai ya ci gaba da zuba mai fiye da kima, man ya wanke bangon silinda, ringi su ci da wuri. A wasu injunan ma cire tamostat yana barin ruwa ya riƙa kewayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya shiga lagireto sosai ba, wato a je neman sanyi a samo zafi. Abin da ya dace shi ne babban lagireto mai layi biyu, murfinsa mai riƙe matsi, fanka mai lafiya da makarinta, da ruwan sanyaya inji na gaske maimakon ruwan rijiya mai barin gishiri a bututu.

Haka ma al'adar cire nozul a mayar da inji kafireta don guje wa wayoyi. Tana sauƙaƙa wa bakanike, amma tana zubar da wani ɓangare na dokin da aka biya kuɗinsa. Ƙurar hunturu kuma tana da nata hukunci: buɗaɗɗiyar matatar iska mai siffar mazurari, wadda matasa ke so saboda ƙararta, tana shaƙar iska mai zafi daga cikin bonet, kuma mai arha daga cikinta tana barin ƙura ta wuce. Akwatin matata na asali ya fi ta. Da damina ma akwai abin lura, domin hanyoyin fadama suna shan ruwa, kamar yadda ambaliyar 2020 ta nuna, kuma inji mai shaƙar iska daga ƙasa kurɓi ɗaya ya ishe shi ya lanƙwasa sandar fistin.

Birki kafin doki

Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa. Motar da ke gudun kilomita 140 a awa tana ɗauke da kusan ninki biyu na abin da take ɗauke da shi a 100. Kamfanin Volkswagen ya san haka, shi ya sa Golf 3 mai VR6 ta zo da faifan birki na milimita 280 da ƙafa mai noti biyar, alhali ƙananan samfura suna da faifai na milimita 239 a gaba da ganga a baya. Wanda ya ɗauki injin ya bar birkin ya ɗauki rabin motar ne. Hanyar Argungu kuwa ba fili ba ce: akwai shanu, akwai babura ɗauke da buhunan shinkafa, akwai yara a bakin ƙauyuka. Kasafin da bai ƙunshi birki da shakazoba da tayoyi masu kwanan wata mai kyau ba, bai kai na canjin inji ba tukuna.

Sha'awar mota ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Jelani Aliyu, wanda ya zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine a ƙarshen shekarun 1980 kafin ya tafi Detroit. Yana shugabantar hukumar NADDC ne aka yi gangamin motoci daga Abuja zuwa Argungu a Maris ɗin 2020, lokacin da aka farfaɗo da bikin kamun kifi bayan kusan shekara goma. Gangamin ya karkata ne ga tallata motocin da kamfanoni suka harhaɗa a Najeriya. Matashin da ya gina tasa a gareji yakan ƙare ne a wasan mota ranar biki, a tsakiyar jama'a, inda kuskure ɗaya ke zama gawa da shari'a. Keɓe fili da ƙa'idar duba mota, irin abin da NHRA ta yi a 1951, bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ba.

Ranar saye, da takardu

Inji da aka wanke tas har yana walƙiya abin zargi ne, domin wanki yana ɓoye yoyo. A cire filogi a duba launinsu, a leƙa ƙarƙashin murfin baƙin mai a ga ko akwai dasƙararren datti ko farin kumfa, a juya kiranshaf da hannu. Idan za a iya tayar da shi, a auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 tsakaninsu alama ce ta ciwo. A karanta haruffan da aka buga a jikin injin, kamar ABF ko AGG, maimakon dogaro da bakin dillali, domin akwai injunan da aka yi aiki da su a Najeriya aka fente su aka sayar da sunan sabon sauka. Garantin 'yan kwanaki da dillalai kan bayar a rubuta shi a rasit, a kuma amince cewa zai fara ne daga ranar da aka tayar da injin. Sabon bel ɗin tayimin da famfon ruwa a sa su tun injin yana ƙasa.

Rasit ɗin dole ya ɗauki lambar injin. Takardun rajistar mota suna ɗauke da lambar inji da ta shasi, kuma ƙa'idar zirga-zirga ta ƙasa ta ɗora wa mai mota alhakin sanar da hukumar rajista idan ya canza inji. Motar da lambar injinta ta saɓa wa takarda, a shingen 'yan sanda ko na kwastan a hanyar Kamba, ana iya ɗaukar ta a matsayin ta sata ko ta fasa-ƙwauri har sai mai ita ya kawo hujja. Haka kuma inshora: tun Janairun 2023 mafi ƙarancinta ga motar gida naira 15,000 ce, kuma kamfanin da ba a sanar da shi canjin ba yana da hanyar musanta biya ranar da aka yi hatsari. A ajiye kwafin rasit a mota, a je ofishin lasisi da na VIO a gyara takarda kafin motar ta hau babbar hanya, tsohon injin kuma kada a sayar da shi ga 'yan gwangwan sai an rubuta lambarsa da sunan wanda ya saya.